Harekrishna Konar: Jagoran manoman Bengal da ya ƙwato wa talakawa gonaki

Harekrishna Konar ɗan siyasar Indiya ne mai aƙidar kwaminisanci, kuma jagoran manoma wanda ya yi fice wajen sake rabon filayen noma a jihar Bengal ta Yamma. An haife shi ranar 5 ga Agusta, 1915, a ƙauyen Kamargoria da ke gundumar Bardhaman, a zamanin mulkin mallakar Turawan Ingila.

Tun yana matashi ya shiga gwagwarmayar neman 'yancin kai, har aka ɗaure shi saboda gangamin bijire wa dokokin Turawa na 1930. A 1933 hukumomi suka tura shi kurkukun Cellular da ke tsibiran Andaman, inda ya shiga yajin cin abinci tare da sauran fursunonin siyasa. A can ne ya rungumi aƙidar Markisanci, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar fursunoni 'yan kwaminisanci a 1935. Bayan sakinsa ya shiga Jam'iyyar Kwaminis ta Indiya a 1938. Da jam'iyyar ta dare gida biyu a 1964, sai ya bi ɓangaren CPI(M).

Ya wakilci mazaɓar Kalna a majalisar dokokin jiha tun daga 1957, sannan ya riƙe muƙamin ministan filaye da harajin ƙasa a gwamnatocin haɗaka na 1967 da 1969, ƙarƙashin Ajoy Mukherjee.

Matsalar da ya tarar ita ce, dokar 1953 ta ƙayyade wa mutum eka 25 na filin noma, amma manyan masu ƙasa sun yi mata zagon ƙasa. Sukan rubuta rarar gonakinsu da sunan dangi ko barori ko ma sunayen boge, dabarar da ake kira benami, alhali amfanin gonar rumbunsu yake shiga. Tunda takardu ba su nuna gaskiya, Konar ya koma ga waɗanda suka san gonakin ciki da bai: 'yan ƙwadago da manoman da ke noma gonar wani a raba amfani. Jami'ai suka riƙa karɓar shaidarsu ta baki a bainar jama'a, suna kafa hujja da ita. Ta wannan hanya kusan eka miliyan ɗaya ta koma hannun gwamnati tsakanin 1967 da 1970, aka raba da yawa daga ciki ga marasa gona.

Aikin bai rasa ƙalubale ba. Lokacin boren manoman Naxalbari na 1967, ya tattauna da jagoransu Kanu Sanyal domin neman sulhu, amma abin ya ci tura. Masu tsattsauran ra'ayi sun zarge shi da sassauci, masu ƙasa kuma da ingiza ƙwacen gonaki.

Daga 1968 ya zama babban sakataren ƙungiyar manoma ta All India Kisan Sabha, muƙamin da ya riƙe har rasuwarsa a Kolkata ranar 23 ga Yuli, 1974, yana da shekara 58. Shirin Operation Barga na 1978, wanda ya yi wa manoman raba amfani rajista domin kada a kore su daga gonaki, ya ɗora ne a kan tubalin da ya aza.