Kwaɗin Tawa da Ɓeran Amurka

Yaron da ke kallon Tom and Jerry a wayar mahaifinsa a Wudil yana ganin abin da ba dominsa aka yi ba. Lokacin da William Hanna da Joseph Barbera suka fito da kyanwar da ɓeran a kamfanin MGM a 1940, manya ne masu kallo. A gidan silima ake nuna su, minti bakwai ko kusa da haka, kafin babban fim ya fara. Kowane motsi da hannu ake zana shi, takarda bayan takarda, har hoto 24 ya cika daƙiƙa guda.

Kuɗi ne ya raya sana'ar, kuma shi ya kashe ta. A da, kamfani kan tilasta wa mai silima ya sayi gajeren zane tare da babban fim. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta hana wannan ciniki, talabijin kuma ya janye 'yan kallo. MGM ya rufe sashen zanensa a 1957. Abin da ya iso gidajenmu daga baya ta talabijin ragowar wancan zamani ne, shi ya sa muka ɗauka kayan yara ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a ƙasar Hausa an yi mai wannan sana'a, amma ƙalilan ne a Kano suka san sunansa. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da aka haifa a 1942, ya fara ne da wasan inuwa a gaban fitila. Ya yi aiki tare da Jean Rouch a Yamai, sannan ya je Kanada ya ƙaru da Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki aka tarbe shi da faretin soja da take. Shekara shida kacal da samun 'yanci, ga mai zane yana yi wa sababbin shugabanni dariya, kuma wa zai kai kwaɗo ƙara?

Daga bisani ya zauna a Tawa, ya ci gaba da aiki da 'yar'tsana da zane. Har fim ya yi a kan kokawar gargajiya, ya sa masa suna Kokoa, dabbobi ne 'yan kokawar. Ya rasu a 2015.