Yadda furen daliya ya zama iri dubbai

Mai lambu a Diggi ta jihar Kabi da ya samo saiwar daliya ya rasa gane wane iri ne a hannunsa, kada ya zargi idonsa, tarihin furen ne ya haifar da ruɗanin. Asalinsa tsaunukan Meziko, inda mutanen Aztek suka san shi tun kafin zuwan Turawa, kuma na dajin jeri ɗaya na ganyen fure gare shi. A 1789 Vicente Cervantes na lambun tsirrai na birnin Meziko ya aika da irinsa Madrid wurin Antonio José Cavanilles, shi kuwa a 1791 ya raɗa masa suna don tunawa da Anders Dahl, masanin tsirrai ɗan Suwidin.

Daliyar lambu tana ɗauke da jerin ƙwayoyin gado takwas, alhali yawancin tsirrai biyu gare su, shi ya sa in an shuka ƙwayarta da wuya 'ya ta yi kama da uwa. Masu lambun Turai suka samu abin da suke so, duk wadda ta fito da sabuwar kama sai su ware ta su ba ta suna. A 1872 wata saiwa daga Meziko ta isa Holan, daga gare ta aka samu masu ganyen fure naɗaɗɗe mai tsini. Yau rajistar da ƙungiyar masu lambu ta RHS ke riƙe da ita a Ingila ta haura suna 57,000.

Wani zai ce ai launi ya isa shaida. Bai isa ba, domin ɗaruruwa sun yi tarayya a ja guda, ga fari, ruwan ɗorawa da ruwan hoda, shuɗi na gaske ne kawai babu. Don haka masana suka koma ga siffa da faɗin fure: mai jeri ɗaya, dunƙulalle, ko mai tsini. Sunan iri kuwa ba ya tabbata sai ta saiwa ko yankan reshe, kamar yadda manomi ke dasa rogo.

Masu cewa zafin Kabi ya fi ƙarfin daliya suna da hujja, tsiron tudu ne, Jos ta fi dacewa da shi. Amma hunturu na ba da dama: a dasa bayan ɗaukewar damina, a ƙasa mai tsane ruwa, ba laka irin ta fadama mai ruɓar da saiwa ba, a tone ta kafin zafin Afrilu.