Yadda Binciken da Aka Yi a Arewa Ya Fara Dawowa Gida

Ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari har Tibiri, ta daɗe tana ciyar da masu bincike. Dattawanta sun zauna sun ba da labarin Sarauniyar Lugu, da Bauran Bagaji, da yadda sarauta ta kafu a tsakanin Arawa da Gubawa. An rubuta an tafi da shi. Shekaru da yawa jikokin waɗanda suka ba da labarin ba su da hanyar karanta abin da aka ce kakanninsu sun faɗa.

Tushen al'amarin yana Yamai. A 1944 Faransawa suka buɗe reshen cibiyarsu ta bincike, IFAN, kuma a 1953 aka fara fitar da jerin littattafan Études Nigériennes. Cibiyar ta koma hannun ƙasa da sunan CNRSH a 1964, sannan ta zama IRSH a 1974, a ƙarƙashin jami'ar Yamai. A cikin wannan jerin ne Marc-Henri Piault ya buga bincikensa kan al'ummomin Arewa a 1964, Mahamane Karimou kuma ya buga nasa kan Mawri, wato Arawa, masu jin Zabarmanci a 1977. IRSH ta kuma fitar da mujalla mai sunan Hausa, Mu Ƙara Sani. Suna ne mai kyau, sai dai kwafi kaɗan ake bugawa, kuma malamin makaranta da ke Tibiri sai ya yi tattaki zuwa babban birni kafin ya sa shi a ido.

Abin da aka buga a ƙetare ya fi nisa. Histoire Mawri na Piault a Paris ya fito a 1970. Littafin Adeline Masquelier kan bori da Musulunci a Dogon Dutsi a Amurka aka buga shi a 2001. Maƙalu kuwa a lokacin suna cikin mujallun da ɗakunan karatu masu kuɗi kaɗai ke iya biyan kuɗinsu duk shekara. Wannan rashin adalci ne, ko da babu wanda ya nufa: mai ilimin ya bayar kyauta, ɗansa kuma sai ya saya.

Intanet ce ta fara sassauta ƙullin. A 1998 aka kafa African Journals Online domin mujallun Afirka. A 2002 masana suka fitar da sanarwar Budapest, wadda ta nemi a bar kowa ya karanta sakamakon bincike ba da ko sisi ba. Ga mu masu karatun Faransanci, babban sauyi ya zo da dandalin Persée a 2005, inda aka ɗora tsofaffin fitowar Cahiers d'Études africaines da Journal des Africanistes kyauta. A gida ma, cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 tana sa rahotanninta a shafinta, kowa ya sauke.

A ƙasashen Larabawa aka gwada hanyoyi biyu na buɗe bincike kyauta, kuma ya kamata mu dube su da kyau, tunda ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Say da masu digiri daga Azhar da Madina can suke neman abin karatu. Ta farko ita ce ta kamfanin Hindawi, wanda aka kafa a Alƙahira a 1997. Zuwa 2007 dukan mujallunsa sun zama na karatu kyauta, amma marubuci ne ke biyan kuɗin buga maƙalarsa. Kamfanin ya bunƙasa har kamfanin Wiley ya saye shi a 2021 a kan dala miliyan 298. Da yake kowace maƙala kuɗi ce, 'yan damfara suka samu ƙofa. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 8,000, daga baya Wiley ya daina amfani da sunan Hindawi.

Hanya ta biyu maƙwabciyarmu Aljeriya ce ta bi. Cibiyar gwamnati ta CERIST ta gina dandalin ASJP, ta tara ɗaruruwan mujallun jami'o'in ƙasar wuri guda, da yawansu da Larabci, ana karantawa kyauta. Maroko da Iraƙi su ma suna da irinsa. A ganina wannan ce ta dace da Nijar, domin malamin jami'ar Doso, wadda sai a 2014 aka kafa ta, ba zai iya fidda dubban daloli daga albashinsa don maƙala ɗaya ba.

Da sauran aiki. Dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da Boubou Hama ya fara tarawa suna ajiye a IRSH, kuma abin da aka buɗe game da Arewa kusan duk da Faransanci ko Ingilishi yake. Manomin Lugu da ke da wayar salula a aljihu har yanzu ba ya iya karanta tarihin garinsu.

Kiranmu ga hukumomin ilimi mai zurfi da jami'o'inmu shi ne su ɗora Études Nigériennes da Mu Ƙara Sani gaba ɗaya a dandali guda na ƙasa, kyauta, kuma kowace maƙala da ta shafi Arewa a haɗa ta da taƙaitawa da Hausa.