Kafin Alƙalami a Sana'ar Gina Shafin Intanet

Da intanet ta shigo Nijar ta hannun Sonitel a ƙarshen shekarun 1990, masu neman a gina musu shafi ba su wuce ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji na Yamai ba, kuma su suka shimfiɗa mana tsarin biya na farko. Ka kawo takardar ƙiyasi ɗauke da lambar harajinka ta NIF, ka yi aiki, ka miƙa, ka zauna jiran cek. Jiran yakan yi tsawo, amma kuɗin na zuwa, domin akwai sa hannu da hatimi. Tangarɗa ta fara ne da aikin ya fito daga ofisoshi. Kamfanin waya na Celtel ya zo a 2001, Orange a 2008, WordPress ya sauƙaƙa ginin, sai ga makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar Doso da Dogon Dutsi kowa na son nasa. Muka kwashi tsarin "sai an gama" muka kai shi garuruwa irin Dumega da Tibiri, inda ciniki na fatar baki ne, jinginarsa amana da kunyar ido.

A ganina tsarin nan bai taɓa dacewa da wannan sana'a ba, kuma dalilin bai shafi halin kowa ba. Tun kafin a rubuta layi ɗaya, sai an sayi sunan shafi, an kama masa mazauni a wata kwamfuta da galibi take Faransa ko Amurka, kuma masu ita ba su san bashi ba. Dukansu haya ce ta shekara, kamar rumfar kasuwa: ranar da wa'adi ya cika ba a biya ba, an rufe. Mai gini da ya fara aiki ba kafin alƙalami, rance ya ba mai shafi daga aljihunsa ba tare da an kira shi rance ba. Shi ya sa a hankali da yawanmu suka koma biya kashi uku, wani a farko, wani in an ga siffar shafin, ragowar kafin a miƙa kalmar sirri, kuɗin haya da kulawa kuma a ware su daban kowace shekara. Kamfanonin turo kuɗi irin su Al Izza da Nita da Amana sun taimaka ƙwarai a nan, don rasit ɗin turo kuɗi ya zama shaidar da ciniki na baki bai da ita.

Za a ce ai lada bayan aiki take, kuma an sha ganin yaron da ya karɓi rabin kuɗi ya kashe wayarsa. Gaskiya ne, akwai su. Sai dai maganinsu na cikin tsarin kansa: a yi rajistar sunan shafin da sunan mai shi, kada kason farko ya zarce abin da za a kashe da ɗan ladan somawa. In mai gini ya gudu, mai shafi na riƙe da kayansa, wani ya ƙarasa. Wanda ya ƙi ba da komai kuwa yakan tarar sunan makarantarsa na hannun wanda ya biya, ranar da suka saɓa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a ƙasar Arewa, mai maƙwabtaka da jihar Kebbi, inda naira ke yawo tare da sefa: me ya sa ba za a yanka farashi sau ɗaya a huta ba? Shekarar 2023 ta amsa. Sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, amma naira da aka sake ta a watan Yuni ta tashi daga wajen 460 a dalar Amurka ta kai kusan 1,500 a Fabrairun 2024. Takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rufe iyaka, ya tsuke hanyoyin banki, Nijeriya ta yanke wuta. Wanda ya yi jinga da naira a farkon shekarar 2023, a biya a ƙarshe, ladansa bai ko isa hayar mazaunin ba. Tun daga nan takardar ƙiyasi mai hankali take faɗin kuɗin da za a biya da shi, da yawan kwanakin da farashin zai tsaya.