Haɗarin jirgin Chinook: Shekaru 16 ana fafutukar wanke matuƙa biyu

A ranar 13 ga watan Yulin 2011, sakataren tsaron Birtaniya na wancan lokaci, Liam Fox, ya tsaya a gaban majalisar dokokin ƙasar ya nemi gafarar iyalan wasu matuƙan jirgin soja biyu da suka daɗe da rasuwa.

Matuƙan, Jonathan Tapper da Richard Cook, su ne rundunar mayaƙan saman Birtaniya ta ɗora wa laifin mummunan sakaci a haɗarin da ya hallaka su tare da wasu mutane 27.

Sai da iyalansu suka shafe shekaru 16 suna fafutuka kafin a soke wannan hukunci.

Yadda haɗarin ya auku

Da yammacin ranar 2 ga watan Yunin 1994 ne jirgin, mai saukar ungulu samfurin Chinook, ya tashi daga sansanin Aldergrove da ke kusa da Belfast a Ireland ta Arewa, ya nufi wani barikin soja da ke kusa da Inverness a Sukotlan.

Da misalin ƙarfe shida, jirgin ya yi karo da wani tsauni a Mull of Kintyre, wani zirin ƙasa a gaɓar tekun yammacin Sukotlan, inda hazo ya rufe. Babu wanda ya tsira daga cikin mutane 29 da ke ciki.

Fasinjojin 25 dai ba gama-garin mutane ba ne. Manyan jami'an leƙen asiri ne na 'yan sanda da soja da hukumar MI5, waɗanda ke kan hanyarsu ta zuwa wani taro a kan rikicin Ireland ta Arewa, watanni uku kafin ƙungiyar IRA ta ayyana tsagaita wuta.

Hukuncin hafsoshi biyu

Jirgin ba ya ɗauke da na'urar naɗar muryoyin matuƙa ko ta naɗar bayanan tafiya, kuma wuta ta cinye wani sashe mai yawa na tarkacensa. Kwamitin binciken da rundunar ta kafa bai iya tabbatar da musabbabin haɗarin ba, bai kuma samu matuƙan da laifin sakaci ba.

To sai dai a shekarar 1995, manyan hafsoshi biyu da suka sake duba rahoton, William Wratten da John Day, sun yanke hukuncin cewa matuƙan sun yi mummunan sakaci. Hujjarsu ita ce sun tunkari tsaunin da gudu fiye da kima, kuma ƙasa-ƙasa, alhali ya kamata su kauce wa hazon ko su ɗaga sama tun da wuri.

A nan ne gardama ta samo asali. Ƙa'idar rundunar ta wancan lokaci ta tanadi cewa ba a ɗora wa matuƙin da ya rasu laifin sakaci sai idan babu ko ƙwayar zarra ta shakka, domin kuwa mamaci ba ya iya kare kansa.

Masu fafutukar ba su ce sun san abin da ya kayar da jirgin ba. Tambayarsu ita ce, ta yaya za a ce babu shakka a kan abin da babu mai rai da ya san abin da ya gudana a ɗakin matuƙa?

Batun injin jirgin

Shakku mafi girma ya shafi jirgin kansa. Sabon samfuri ne da aka yi wa gyaran fuska, aka sanya masa wata na'ura mai suna FADEC, wadda ke sarrafa man da ke shiga injin ta hanyar kwamfuta.

Matuƙa sun sha kokawa a kan yadda injinan wannan samfuri ke ƙara ƙarfi ko su mutu ba zato ba tsammani. Wani kamfani da aka bai wa aikin tantance manhajar a 1993 ya gano kura-kurai 486 bayan ya duba ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar nata, sai ya dakatar da aikin.

Ana jajibirin haɗarin kuma, cibiyar gwajin jiragen soja da ke Boscombe Down ta dakatar da tashi da wannan samfuri. Amma rundunar ta ci gaba da amfani da shi.

Mujallar Computer Weekly ta shafe shekaru tana tono waɗannan bayanai, yayin da Ma'aikatar Tsaro ta dage cewa babu shaidar da ke nuna na'urar ce ta haddasa haɗarin. Gaskiya ne babu wannan shaida, amma babu kuma wadda ta wanke na'urar sarai.

Bincike bayan bincike

A 1996 wani alƙali a Sukotlan, Stephen Young, ya gudanar da bincike, inda ya ce bai gamsu cewa an tabbatar da laifin matuƙan ba. A shekarar 2000 kwamitin kula da kashe kuɗaɗen gwamnati na majalisar wakilai ya zargi ma'aikatar da girman kai.

A watan Fabrairun 2002 kuma wani kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Lord Jauncey ya amince baki ɗaya cewa hafsoshin ba su da hujjar yanke hukuncin. Sakataren tsaro Geoff Hoon ya yi watsi da rahoton, haka ma John Hutton ya ƙi sauya matsayi a 2008.

Mahaifan matuƙan biyu ne suka ja ragamar fafutukar, da goyon bayan 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban. Mahaifin Cook, wanda shi ma tsohon matuƙin jirgin Concorde ne, ya rasu bai ga an wanke ɗansa ba.

Wani abin lura shi ne, Malcolm Rifkind, sakataren tsaron da ya amince da hukuncin tun farko, da John Major, wanda yake Firayim Minista lokacin haɗarin, duka sun dawo suna kira da a soke shi.

Sai da aka samu sauyin gwamnati a 2010 sannan aka kafa wani kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin tsohon alƙali Lord Philip. Kwamitin ya gano cewa an bai wa hafsoshin gurguwar shawarar shari'a a kan ma'anar ƙa'idar rashin shakka, don haka ya ba da shawarar a soke hukuncin, gwamnati kuma ta amince.

Abin da ya saura

Ba a ɗora wa kwamitin Lord Philip alhakin gano musabbabin haɗarin ba, kuma bai gano ba.

A shekarar 2024, lokacin da haɗarin ya cika shekaru 30, iyalan fasinjojin da na ma'aikatan jirgin sun haɗa kai suka buƙaci a yi cikakken binciken bainar jama'a ƙarƙashin alƙali, a kan dalilin da ya sa aka ɗora 'yan uwansu a jirgin da masu gwaji suka ƙi tashi da shi.

Ma'aikatar Tsaro ta amsa musu da cewa an riga an yi bincike har sau shida. Wasu daga cikin takardun da suka shafi haɗarin kuma an rufe su har zuwa shekarar 2094.