Ƙwaƙwalwar kwamfuta: Go nawa ke isa ga aiki mai nauyi?

A unguwar Zariya ta birnin Maraɗi, kwamfuta ta zama kayan neman abinci a gidaje da dama. Akwai mai haɗa bidiyon biki, akwai mai zana katin gayyata, akwai kuma ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke rubuta kundinsa na ƙarshen karatu. Abin da ya fi sa irin waɗannan kwamfutoci nawa shi ne ƙarancin ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM.

Mene ne RAM?

RAM daban take da faifan ajiya. Faifan ajiya kamar rumbu ne, a ciki ake jibge hatsi. RAM kuwa kamar turmi ce: komai cikar rumbu, abin da turmin ya ɗauka shi ake dakawa a lokaci guda. Idan RAM ta cika, kwamfuta takan koma tana aron wuri a faifan ajiya, wanda ya fi ta nauyin tafiya nesa ba kusa ba. Daga nan ne tsayawa da sanƙarewa ke farawa.

Ana auna ta da giga. Kayan da suka zo da rubutun Faransanci sukan nuna "Go", waɗanda suka shigo daga Kano ko Katsina kuma "GB". Ma'auni ɗaya ne. Idan mai shago ya ce na'ura tana da 500 Go, faifan ajiya yake nufi, ba RAM ba.

Nawa ake bukata?

Windows 11, da ya fito a watan Oktoba na 2021, yana neman aƙalla 4 Go. Wannan na kunnawa ne kawai, da kyar ake aiki da shi.

8 Go na isa ga rubutu da Word, lissafi da Excel da leƙa intanet.

16 Go ita ce ta dace da aiki mai nauyi: gyaran hoto da Photoshop, zanen gini da AutoCAD, ko haɗa bidiyo mai ingancin HD. Kamfanin Adobe ma 16 Go yake ba da shawara a kan Premiere Pro don irin wannan bidiyo. A ƙarshen 2024, Apple ya mayar da 16 Go mafi ƙanƙanta a sabbin kwamfutocinsa na Mac.

32 Go ta masu bidiyon 4K ce da masu zane mai siffa uku. Wanda aikinsa bai kai nan ba, ƙarin ba zai sa na'urarsa gudu ba, asarar kuɗi ce kawai.

Yadda ake ganewa

A buɗe aikin da ya fi nauyi, sannan a danna Ctrl, Maj da Échap tare. Shafin da zai buɗe yana nuna yawan ƙwaƙwalwar da ke aiki. Idan kullum tana dab da cika, ƙari ya zama dole. Idan rabi ne kawai kuma na'urar na nawa, matsalar tana wani wuri, sau da yawa a tsohon faifan ajiya da ya kamata a musanya da SSD.

Kafin a biya kuɗi

Yawancin kwamfutocin da ke kasuwa na hannu ne, don haka a tambayi nau'in ƙwaƙwalwar. DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna. Wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka an liƙe musu RAM a jikin allo, ba a iya ƙara musu komai. Windows mai 32 bit kuma ba ya amfani da fiye da 4 Go, ko da an saka masa 16. Mai zuwa daga Tibiri ko Jiratawa gara ya sa a gwada masa ƙwaƙwalwar a gabansa, ya huta da dawowa gari.

Abu na ƙarshe, RAM ba ta riƙe komai idan wuta ta ɗauke. Aikin da ba a adana ba ya tafi ke nan. Mai kwamfutar tebur da ke kan layin NIGELEC yana bukatar na'urar riƙe wuta, kamar yadda yake bukatar 16 Go ɗin.