BABI NA BIYU: TARIHIN RININ BABA A ƘASAR KANO

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a waiwayi tarihin rinin tufafin auduga da baba a ƙasar Kano. Manufar ita ce a nuna cewa ƙarfin wannan sana'a ya dogara ne a kan kayan aikin da ake samu a gida, kuma rauninta ya faro ne daga lokacin da aka koma sayen kayan rini daga waje.

2.1 Kayan Aiki da Yadda Ake Rini

Baba tsiro ne da ake nomawa a gona. Idan ya ƙosa sai a yanke shi, a sassara, a tara shi ya ruɓa, sannan a shanya. Marini yakan zuba shi a rijiyar rini tare da ruwa da toka da katsi, wato gurɓin tsohon baba da aka kwashe aka ƙona. Akan bar haɗin na wasu kwanaki ana motsawa da muciya har ya nuna. Idan aka tsoma ƙyalle aka fitar, yakan fito da ɗan kore-kore, sai ya sha iska ya rikiɗe ya zama shuɗi. Yawan tsomawa shi ke sa shuɗin ya yi duhu. Akwai kuma wasu tsirrai, kamar rawaya mai ba da ruwan ɗorawa da karan dafi mai ba da ja, amma babu wanda ya kai baba muhimmanci wajen rinin tufafi.

2.2 Bunƙasa Kafin Zuwan Turawa

Bisa ga tarihin baka, an kafa marinar Ƙofar Mata a shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sai dai sana'ar ta fi haɓaka ne a ƙarni na 19, bayan jihadin 1804, lokacin da Daular Usmaniyya ta haɗe kasuwannin ƙasar Hausa. Marina sun bar manyan tukwane sun koma haƙa rijiyoyi masu zurfi, suna shafe su da laso, wanda ake haɗawa da katsi da dafara da gashin dabbobi. Wannan ya ba su damar rina tufafi masu yawa da ɗan kuɗi kaɗan. Ke nan hatta sharar rini ba ta zama asara ba.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Haka kuma Philip Shea, a kundinsa na 1975, ya ƙiyasta rijiyoyin rini tsakanin 15,000 da 20,000 a masarautar a ƙarshen ƙarnin. Akasarinsu suna garuruwan karkara ne, irin su Kura da Bunkure da Dal. Kura ta yi suna wajen turkuɗi da rawanin 'yan Kura, waɗanda mabuga ke bugawa da shuni har su yi ƙyalli, Abzinawa kuma su saya. Ta haka manomi da mai kaɗi da masaƙi da marini da mabugi da falke duk suna ci a sana'a ɗaya.

2.3 Zuwan Rinin Kanti da Masana'antu

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadarai. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, daga nan yadin Ingila da rinin kanti suka yi ta shigowa, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Tun da rinin kanti ba ya bukatar jiran kwanaki, marina da yawa suka rungume shi, noman baba ya ja baya. Daga baya birni ya faɗaɗa ya haɗiye ƙauyukan gefensa irin su Hotoro, gonaki suka koma gidaje.

An kafa masaƙun zamani a Bompai, sannan a Sharaɗa da Chalawa. Auduga ta gida ce, amma injuna da sinadaran rini daga waje ake odarsu, dagwalon rinin kuma yana gangarawa cikin koguna. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sai kayan aiki suka yi tsada. Ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfar Asiya suka ƙarasa durƙusar da mafi yawansu.

2.4 Kammalawa

An ga cewa rinin baba ya daɗe yana ciyar da jama'a saboda tun daga gona har zuwa rijiya komai na gida ne. Masana'antun da suka gaje shi ba su da wannan tushe, shi ya sa ba su jure ba. Saboda haka duk wani yunƙurin raya marinar Ƙofar Mata, dole ne ya faro daga gonar baba. Babi na gaba zai yi nazarin kalmomin da marina ke amfani da su a bakin aiki.